Daren da Baba Ya Mutu a Talabijin

A Mai Wurno, tsakar gidan Inna Lantana,
an ɗora akwatin bisa kifaffen turmi,
batirin mota a gefe, don wuta ba ta da alkawari.
Dare shida za a yi.
Ɗanta ne ya rubuta littafin a Khartum,
mu ne a ciki, sunaye kawai ya sauya.

Daren farko muka nemi kasuwarmu muka rasa.
Sun share ta tas, ko ƙuda babu.
Mai jabanarmu da ke ɗingishi
ga ta tana rangwaɗa,
Larabcin Umdurman a bakinta,
Hausa sai “sannu”, ita ma a karkace.

Dare na huɗu aka zo kan mai fito.
Baba Shekarau ya gyara zama a gadon igiya.
Nilu ya cika, kwalekwale ya kife,
mutumin ya nutse, aka saki kiɗan tausayi.
Mata na sharar hawaye,
suna satar kallon Baba,
shi kuwa kisra yake tsomawa a miya.

Ya ce, “Dole ya mutu.
Ku dubi yadda ya riƙe filafili,
kamar mai tuƙa tuwo.”

Muka yi dariya har batir ya yi sanyi.

Da asuba na bi shi bakin ruwa.
Bai kwance igiya ba.
Ya daɗe tsaye yana kallon inda ƙaninsa ya shiga,
shekara talatin ke nan,
wanda littafin bai ko ambata ba.