Taragon da Na Wanke

Kakana Arvo na da jirgin ƙasa a ɗakin ƙarƙashin gida,
a Two Harbors, bakin tafkin da ba a hango ƙarshensa.
Tarago sittin da huɗu, kowanne bai kai tafin hannu ba.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure birkin na gaske,
da gwiwa ta ce ta gaji
sai ya sauko da layin dogon bisa tebur.

In sabon tarago ya fito daga kwali yana sheƙi
sai ya juya shi, ya ja tsaki:
"Wannan bai taɓa zuwa ko'ina ba."
Ya kankare alli, ja da ruwan ƙasa, a murfin gwangwani,
ya lakato da buroshin da gashinsa bai fi goma ba,
ya ja daga sama zuwa ƙasa, ta inda ruwan sama ke bi.
Tsatsa, in ji shi, tana da wurin zama:
gindin ƙusa, bakin ƙofa,
da inda safar hannun ma'aikaci ta cinye fenti.
Ya gasa bayan cokali a kyandir,
ya danna robar ta ciki har ta ɗan turo,
kamar ƙarfen da duwatsu suka daɗe suna duka.

Kayan da yake lodawa ba na kanti ba ne.
Tama ce ta gaske, tsintuwar gefen dogo,
ya dake ta da guduma cikin tsohuwar safa,
ya tankaɗe da rariyar shayin kakata Lempi
wadda ta yi ta cigiya har ƙanƙara ta narke.
Gam da ruwa, ɗigo ɗaya, a jira. Wani ɗigon, a jira.
Gumakan katako kuwa rassan bayan gida ne,
ya ɗaure su da sarƙar wuyan da ta tsinke.

Ina shekara bakwai, ran wata Asabar,
aka tafi da shi asibiti a duba masa ido.
Na sauka ni kaɗai.
Mai lamba 4417 ya fi kowa dauɗa,
dumu-dumu, har ya ba ni tausayi.
Sabulun wanke kwano, ruwan ɗumi, buroshin haƙorina.
Aikin mako uku ya bi magudana jawur.
Na tsaya a kan matakala riƙe da shi, fes,
ina jiran yabo.

Ya cire tabarau. Ya goge. Ya mayar.
Har ina jin ƙarar agogon falo.
Lempi ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa.
"To," ya ce, "yau aka ƙera shi ke nan.
Ke kika haife shi, ke za ki tsufar da shi.
Amma ba a tsufa rana ɗaya."

Sai muka yi sharaɗi:
duk ranar haihuwata, dauɗar shekara guda, ba ƙari.
A takwas, ƙura a ƙafafu.
A sha ɗaya, baƙin mai ya zubo daga gatarin taya.
A sha biyar na yi fushi da kowa,
na zabga masa tsatsa fiye da kima,
ya duba ya ce wata shekarar haka take.
A sha tara, idonsa ya tafi,
ya shafa gefen da babban yatsa
ya ce har yanzu da sauran santsi.

Sauran sittin da ukun an raba wa abokansa na kulob.
Wannan yana kan tagar kicin ɗina a Duluth.
Gobe zan cika talatin da uku.
Lambar ta fara dushewa, bakwai ɗin kawai ake gani sosai.
Na kankare allin tun dare,
na rufe murfin da kofi kada kyanwa ta taka.