Shafi Na Bakwai

A Tromso hunturu ya haɗiye rana.
Sindre ya ce rigar da ke bayan ƙofa
tana numfashi.

Kakarsa Torunn ba ta musa ba.
Ta jawo littafin nan mai yagaggen bango,
na ɗan dilan da ke yawo da fitila
yana tambayar kowace inuwa:
ke ta wa? Ta kujera.
Ke fa? Ta tsintsiya.

A shafi na bakwai yaron ya sauko,
zuciya na dukan uku-uku,
ya taɓa hannun rigar.
"Ta Baba ce," in ji shi. "Tana ƙarnin kifi."

Ba su kai shafi na takwas ba.
Kakar ce ma ta fara gyangyaɗi.