Ƙarfe Biyun Dare a Lambun Tromso

Na tashi aiki ƙarfe biyun dare,
amma daren bai zo ba.
A garinmu, in bazara ta kama,
rana kan ƙi shiga ɗaki,
ta zauna bakin teku tana lilo da ƙafa
kamar yaron da aka ce ya kwanta ya ce sam.

Jarirai uku na karɓa yau.
Hannuna na warin sabulun asibiti,
ƙafafuna kuwa sun zama na aro.
Maimakon tashar bas sai na gangara lambun tsirrai,
wanda ba shi da ƙyaure, balle mai gadi.

Duwatsu ne a jere, kowane da baƙonsa:
wannan daga tsaunin Himalaya,
wancan daga wutsiyar Amurka ta Kudu,
ga wani ɗan mitsitsi, bai kai farcen jariri ba,
an rubuta masa suna mai tsawon kamu guda.
Rabin shekara da ɗoriya suna kwance ƙarƙashin ƙanƙara,
shi ya sa ba sa wasa da 'yan makonnin nan.
Kowa ya zazzage abin da ke cikinsa:
ja, rawaya, fari, ruwan hoda.
Har ƙudan zuma ya manta da barci.

Can na hango mutum gurfane
gaban shuɗin furen nan da ake zuwa takanas a gani.
Tsoho ne, rigar sanyinsa saƙar hannu, ta ɓule a gwiwa,
yana lalube a gindin tsiro.
Na ce a raina: ɓarawon fure, da furfurarsa!
Na yi gyaran murya.

Ko gezau.
Ya buɗe gidan tabarau ya miƙo mini.
Ganyen fure huɗu ne ciki, shuɗi shar,
sirara kamar fatar ido.
Ya ce, "Ba tsinka nake ba, tsinta nake.
Wanda ya faɗo da kansa ya gama da lambu."

Eilif sunansa.
Matarsa Ragnfrid tana can sama, hawa na shida,
gadonta na jikin taga,
sai dai tagar wurin ajiye motoci take kallo.
Shekara ashirin da bakwai tare suke zuwa nan,
ita ta karanta sunaye, shi ya riƙe flas ɗin gahawa.
Bana ta ce masa, "Je ka gano mini ko shuɗin ya buɗe.
Kada ka zo mini da hoto,
waya ƙarya take yi wa launi."

Ban san sa'ad da na durƙusa ba.
Gwiwata ta yi ƙas, muka yi dariya.
Ƙasar da sanyi, tana ƙanshin ruwan jiya.
Na samo biyu, ɗaya dodon koɗi ya ci gefensa,
zan yar, ya tare hannuna:
"Sa shi. Sun san juna,
sun daɗe suna rigima a bayan gidanmu."

Ya zuba mini gahawa a murfin flas.
Ta huce, ba sukari, na shanye.
Ya dubi katin da ke ƙirjina.
"Ungozoma ce ashe. Nawa yau?"
Na ce uku, mata biyu.
Ya jinjina kai, ya daɗe bai ce komai ba.
Wani tsuntsun teku ya wuce yana masifa.

Da ya miƙe, sai da ya dafa dutse.
Ya kama hanyar tudu a hankali,
gidan tabarau tallafe a hannu biyu,
daidai yadda nake koya wa sababbin iyaye:
ɗaya a ƙasa, ɗaya a keya.

Bas ya wuce ni, na tafi a ƙafa.
Sai a ƙofar gida, ina neman makulli,
na ga wani shuɗi manne a gwiwar wandona.
Na bar shi.
Na ja labule a kan rana, na kwanta.