Shekarar da Gora Ta Yi Fure

Zonuni ta shigo a guje, ƙafa duk laka,
ta ce, "Kaka, tsaya ka ga abin da na samo maka."
Ta buɗe tafi, na duba, bakina ya mutu:
ɗan fure ne, ruwan ƙasa, ko ƙamshi babu,
ta tsinko shi a gangare, a jikin gora.

Na aje wuƙa da kwandon da nake saƙa,
na ƙirga a yatsu, ina fatan kada ya cika.
Arba'in da takwas, ba ragi.
Randa na fara ganin irinsa a tuddan Mizoram
shekaruna tara.

Ta ina za ta sani? A cikin gora ta tashi.
Daɓen ɗakinmu ita ce, bango ita, tsani ita,
bututun da ke janyo ruwa daga dutse,
gaɓar da muke ɗura shinkafa mu kafa a wuta,
tohon da uwarta ke yankawa a miya.
Ni kam da tsaginta aka yanke mini cibiya,
da ita kuma aka tsorata ni cikin yara.

Ciyawa ce fa, 'yar uwar shinkafa ta yi tsawo.
Ka auna toho da safe, kafin gobe ya ƙara kamu.
Damina ɗaya ta gama tsayinta, sai ta hau tauri.
Kada ka sare ta sai ta shekara uku,
kuma da rani, in ba haka ba ka yi wa gara.

Abin da ba a gani yana ƙarƙashin ƙasa:
saiwa riƙe da saiwa, daji guda uwa guda.
Wanda ya ɗauki reshe ya kai lambunsa a Aizawl
zai ga ya yi fure a shekarar da na tudu suka yi,
ba wasiƙa, ba kira.

Sai 'ya'ya su zubo, kowanne kamar dunƙulen hannu,
a ƙasa kuwa akwai mai jira.

Ya ci, ya haihu, 'ya'yansa su ci su haihu.
Randa daji ya ƙare suka gangaro gonarmu.
Na ji su da dare kamar ruwan sama a kan ganye.
Da asuba babana ya tsaya a tsakiyar shuka,
bai sami zangarniya ɗaya ba, sai kara.

Uwata ta haƙa doyar daji har farce ya fita.
Ƙanena Siamkunga bai kai girbi na gaba ba.
A tabarmar gora muka naɗe shi,
ita kanta gorar ta bushe a tsaye, tudu bayan tudu,
in wuta ta kama ta, gaɓoɓi na fashewa kamar bindiga.
Har yau ban san wa zan riƙe a zuciya ba,
ita ko ɓera.

"Kaka, ba ka so ne?" in ji Zonuni.
Na ce, ina so. Je ki kira babanki daga gona,
ki biya coci ki ce a kaɗa ƙararrawa.
Bana citta za mu shuka, da kurkur, ba ya cin su.
Ƙafafun rumbu a naɗe su da kwano,
tarko ɗari nake so, kuma yau zan fara.

Ta juya za ta fita, na riƙo hannunta.
Cikin dubun da za su zuba, wasu za su faɗa rami,
haƙori bai kai gare su ba, su kwana biyu su tsira.
Shekara biyar, ki ga tudun nan ya sake yin duhu.

Sa furen a littafin addu'arki, ki rufe.
Yanzu kina da bakwai.
Randa wani yaro ya shigo miki da irinsa a tafi
kina da hamsin da biyar, ni ba na nan.
Kada ki yi masa tsawa.
Ki karɓa, ki ce ya yi kyau, sannan ki tashi ki gyara.