Littafin Rumbun Kakuri

Ni aka ba biro da littafi,
wai don hannuna ba ya rawa wurin lissafi.
Tebur guda, benci mai ƙafa uku da bulo,
cikin ɗakin da muka aro bayan tsohuwar masaƙa,
inda injuna suka yi gum tun ina goye da Safara'u.

Damina ta yi mana ba-zata bana.
Kogin Kaduna ya shiga ɗakuna ba sallama,
ya kwantar da masarar bakin gaɓa,
ya tafi da tukwane da akuyar wani,
ya bar laka har ƙugun bango.
Muka ce to, kowa ya duba ƙasan tukunyarsa.

Na rubuta:
Rifkatu mai ƙosai, wake mudu biyu.
Sai da ta tsince shi tas kafin ta kawo,
ta ce ba wanda zai tauna tsakuwa da sunanta.
Sallau ba shi da hatsi, ya ba da kekensa
kowace Asabar, man ma daga aljihunsa.
Matan zumunta na Sabon Tasha, doya sha ɗaya,
guda ta fashe a hanya,
suka ce a dafa wa masu awo.
Mahautan Tudun Wada suka tsallako gada
da kitse da ƙashin miya cikin bokiti,
suna tsokanar juna kan wanda ya fi rowa.
Wata yarinya ta miƙo ƙullin gishiri
ta tsaya sai ta ga na rubuta.

Akwai mai ajiye gero a bakin ƙofa da asuba,
ba suna, sai sawun silifa a cikin taɓo.
Shi nake rubuta wa "Wani".
Wani ya fi kowa cin shafi a littafina.

Ran Laraba layi ya kai bakin kwata.
Can ƙarshe na hango Baba Tanimu,
hula har gira, yana kallon wayar lantarki
kamar ita ta kawo shi.
Shi da ya yi shekara ashirin yana saƙa atamfa,
shi da bara ya turo mana shinkafa a baro
ya ce kada a yi masa godiya a masallaci.
Da layi ya matso sai ya fita daga ciki,
ya ce ya zo ne ya ji
ko muna neman mai ɗinke bakin buhu.
Bakin leda na leƙowa daga aljihunsa.

Na ce dama shi muke jira.
Na ba shi basilla da zare.
Ya zauna a inuwa yana ɗinki har la'asar,
ɗinkin da ko ƙwayar gero ba ta sulalewa.
Da zai tafi na auna masa uku,
na ce ladan aiki ne, haka muke yi wa kowa.
Ban shafe kan mudun ba.
Iya ta hana ni tun ina ƙarama,
ta ce tozon mudu ba na mai awo ba ne.
Ya san na sani. Ya ƙulle leda,
ya ce gobe da wane lokaci.

Littafin nan gida biyu ne:
dama na masu kawowa, hagu na masu karɓa.
Na daɗe riƙe da biro a tsakani
har aka kira magariba.
Sai na rubuta "Wani" a hagu,
na koma dama na sake rubutawa,
na rufe.

Safara'u ta share abin da ya zube,
ya kusa rabin gwangwani.
Ta ce, na kaji ne ko na rumbu?
Na ce, sheƙe shi tukuna mu gani.