Abin da Tulu Ya Mayar

Shekara tara ina yi wa inabi aski a Hunkuyi,
almakashi a dama, igiyar ɗauri a haƙori.
Ubana rake ya sani, da tumatirin fadama.
Ranar da ya ga na kafa turaku, na ja waya a gonarsa,
sai ya ce, "Shanya za ka yi, ko noma?"
Bai ga nonon farko ya nuna ba.
Allah ya jiƙan Malam Barau.

Mai kyan, manyan motoci ke kwashewa.
Saura wanda jemage ya ɓantara,
wanda ya ƙoshi da ruwa har ya fashe,
wanda ƙudan zuma suka riga ni tayawa.
Shi nake zubarwa bayan rijiya,
har ranar da Zigwai ta diro daga a-kori-kura
da robobi shida,
ta ce, "Kada ka zubar. Nawa?"

'Yar Kafanchan ce, zama ya kai ta Sabon Tasha.
Muna awo tana ba ni tarihin da ban tambaya ba:
kakarta dawa take jiƙawa,
ta lulluɓe da ganye har ta yi tsiro,
ta niƙa, ta dafa, ta kwana, ta sake dafawa,
ranar kasuwa burkutu na huci a randa kamar mai jin haushi,
da kuɗinsa yara uku suka ga allon makaranta.
Kawunta tukurwa yake bi a bakin rafi tun asuba.
Bammin safe, in ji ta, yaro ne mai ladabi,
na yamma ya yi gemu, ya iya zagi.

Ta ce kowane gari da hannunsa.
Na Kagoro bai ɗauko na Zonkwa ba.
Wata a Kachia citta take jefawa,
wata a Kwoi zuma,
wata tsohuwa a Kakuri ba ta yarda a yi dariya kusa da tukunyarta.
"Ni kuma na ce bari in gwada 'ya'yan nan naku a tulu."

Na ce, "Ni ba na sha."
Ta ce, "Wa ya miƙa maka?"

Amma daren nan tabarma ta yi mini ƙaya.
Da safe Malam Ilu ya saurare ni yana gyaran alƙalami,
ya ce, "Wanda ya san inda rafi zai faɗa
ba ya cewa shi ruwa kawai ya tura."
Na sa kuɗin a gwangwanin madara,
na ɗora bisa katanga, ban taɓa ba.

Wata huɗu.
Sai ga ta da kwalba ɗaya a jaka, fuska ba annuri.
Murfi ya yi sako-sako, iska ta shiga,
tulu shida sun juye tsami.
"Shinshina asarata," in ji ta.
Na shinshina. Hancina ya yi tsalle, idona ya kawo ruwa.

Malam Ilu ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa,
ya yamutsa fuska, ya yi hamdala.
"Khal ne. Abin da ya tuba da kansa, wa zai kore shi?"
A daren muka zuba a kwaɗon zogale,
har ƙanwata ta nemi ƙari.

Bana robobi goma sha biyu ta ɗauka.
Kwalaben khal na jere a wani shago a Kawo,
sunanta a sama, sunan garinmu a ƙasa.
Ko akwai tulu guda a ƙuryar ɗakinta
da ta toshe wa baki da kyau?
Ta ce babu.
Na sauke gwangwanin daga katanga, na ƙirga,
na mayar da rabi, ban san dalili ba,
na koma aski.