Ɓarawo da Sallama

Kwana biyu muna bin kogin Waimakariri,
har ya rame ya koma rafi,
har rafin ya shige ƙarƙashin duwatsu ya bar mu da ƙararsa.
Ni da yayana Rawiri, da 'yarsa Hinewai,
da tantin marigayi babanmu
mai warin hayaƙi da tsohuwar roba,
wanda ya fi tukunya da guzurinmu nauyi.

Rawiri ya ce: komai a ciki.
Cokali a ciki, takalmi a ciki,
ko safa kada a bar wa dare.
Na ce takalmana sun sha kogi sau tara,
bari su sha iska.
Ya dube ni, bai tanka ba,
ya ci gaba da fama da risho.

Cikin dare ɓera ya zo ya cire harajinsa a jakar gyaɗa.
Ƙudajen bakin rafi sun riga sun karɓi nasu a idon sawu.
Duk waɗannan 'yan aike ne.
Maigidan sai da asuba.

Ya yi sallama, na rantse ya yi.
Daga kan dutse ya kira sunan kansa,
kiiiya,
sannan ya dira a ƙololuwar tanti,
ya zamo a kan rigingine har ƙasa,
ya hau, ya sake zamowa,
kamar yaron da aka tasa daga makaranta tun hantsi.

Na leƙa ta bakin zif.
Akun dutse ne, kore mai duhu kamar gansakuka,
baki kamar lauje,
in ya ɗaga fiffike sai ka hango garwashi a hammatarsa.
Ya riga ya zare igiyar takalmin dama,
huda bayan huda, ba gaggawa,
irin aikin telan da aka biya tun jiya.
Na hagu kuwa yana jan sa da baya da baya
zuwa bakin kwazazzabo.

Na daka tsawa. Na jefa murfin tukunya, ya baude.
Doka ta ce ba a taɓa shi,
ba a ba shi ko ɓarɓashin burodi,
kuma ya fi ni sanin dokar.
Ya dube ni da ido ɗaya,
ya tura,
ya karkata kai yana saurare.
Mun saurara tare, ni da shi.
Takalmin ya daɗe kafin ya isa.

Hinewai ta yi dariya har ta shaƙe da shayi.
Ta yanko gefen tabarmar kwanana,
ta naɗe mini ƙafa da safa uku da igiyar tanti,
ta ce: baƙo raɓa ne, kawu,
kai ne ka kwana a tsakar gidansa.

Wajen naɗe tanti muka ga aikinsa na biyu,
yaga mai tsawon taƙi,
dab da wani tsohon faci, shuɗi,
ɗinkin hannu, karkatacce, da zaren kamun kifi.
Rawiri ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.
Ya ce: ka tuna shekarar da Baba ya dawo da takalmi ɗaya?
Na tuna. Ina aji huɗu.
Ya tsaya a ƙofar kicin, ƙafarsa cikin buhu,
ya ce wa Mama kogi ne ya ci.

An ce irinsu suna daɗewa a duniya.
Na ɗaga kai. Yana can kan dutsensa
yana sosa ƙeya da ƙafa,
igiyata na lilo a bakinsa.

Kwana biyu ne komawa, ni na yi uku,
ɗingishi a kan tsakuwa, hazo a wuya,
ƙafar hagu tana ƙirga kowane dutse da sunansa.
A bakin titi matata tana jira cikin mota.
Ta sauke gilashi, ta dubi ƙafata.
Rawiri ya juya yana kallon tsauni.
Na ce: kogi ne.